Ranar da na dawo da keken Baba gida

Asabar da daddare, a Kano.

Yau na baro Maiduguri bayan shekara 17 ina koyarwa a can, kuma a cikin dukan kayan da aka loda a bayan motar lodi ƙirar kanta babu wanda ya tsaya mini a rai kamar keken mahaifina. Gadaje da katifu da buhunan littattafai da tukwanen uwargida duk an san yadda ake loda su, yaran mota ko idanunsu a rufe za su jera su daidai. Keke kuwa ba kayan lodi ba ne. In an kwantar da shi a ƙasa sauran kaya su danne wilinsa, in an ɗora shi a saman tamfol igiya ta ci fentinsa, in an jingine shi haka kawai fedarsa ta huda duk abin da ke kusa da ita. Iyali sun riga ni tafiya tun ranar Laraba a motar haya, ni kuwa na tsaya domin in biyo kayan, kuma gaskiyar magana saboda keken na tsaya.

Raleigh ne baƙi, mai birkin ƙarfe da murfin sarƙa, wilinsa inci 28, da tambarin kan zalɓe a goshinsa. Baba, Allah ya jiƙansa, ya saye shi a 1975 da kuɗin Udoji, shekarar da ma'aikatan gwamnati suka karɓi ƙarin albashi da ariyas gaba ɗaya, wasu suka sayi babur, wasu rediyo, wasu suka ƙara aure. Kamfanin na birnin Nottingham ne a Ingila, kuma har masana'anta ya taɓa kafawa a Bompai. A kan kariyar wannan keken aka fara kai ni makarantar firamare, ina riƙe da gefen rigar Baba. Bayan rasuwarsa keken ya yi shekaru a soro yana shan ƙura, sai a 2011, da gwamnatin Borno ta hana hawa babur a Maiduguri, na zo hutu na ɗauke shi. Tun daga lokacin shi ne ƙafata zuwa makaranta da kasuwa da masallaci, kamar yadda keke ya zama ƙafar dubban mutanen garin.

Waccan tafiyar ta 2011 ita ce ta sa yau na ƙi sakin jiki. A lokacin na miƙa shi ga yaron mota a tasha ban ce komai ba, ya cilla shi saman bas, ya ja igiya ta tsakiyar wayoyin wili ya ɗaure tamau. Da muka isa, wilin gaba ya karkace, fitila ta ɓace, kuma igiya ta goge fentin sandar har ƙarfe ya fito. Tabon yana nan har yanzu, duk sanda na hau sai gwiwata ta wuce ta gefensa.

Saboda haka jiya da la'asar na tura shi wurin dattijon da ke gyara mini shi a bakin kasuwar unguwarmu, yau kuma bayan sallar asuba ya zo da kansa har ƙofar gida da jakar sifanunsa, cikin sanyin hunturu, domin ya ga yadda za a ɗora shi. Aikin da ya yi na jiya ya cancanci in rubuta shi dalla-dalla, ko don wata rana. Ya fara da cire feda da sifana mai lamba 15, ya nuna mini cewa ta dama ana kwance ta yadda ake kwance kowane noti, amma ta hagu zarenta a juye yake, wanda bai sani ba zai yi ta ɗaure ta yana zaton kwancewa yake yi har ya lalata zaren. Daga nan ya sassauta notin sandunan birki, domin keke mai birkin ƙarfe ba a iya juya kansa sai an raba sandunan, ba kamar na zamani masu birkin waya ba. Ya juya kan ya daidaita shi da tsawon keken, ya sauke sirdi ƙasa, ya cire ƙararrawa da jak. Wili bai cire ba. Na tambaye shi dalili, ya ce: "Malam, fok ɗin da babu wili a tsakaninsa maraya ne, buhu ɗaya ya faɗo masa sai ƙafafunsa su haɗe." Iskar taya ma bai sace ta duka ba, ya rage kaɗan saboda zafin rana da tsufan tiyub, ya bar wadda za ta tare wa ƙarfen wili dukan ramuka. Sai ya yanka tsohon tiyub zare-zare, ya naɗe sanduna da kwali ya ɗaure da robar. Notuna da feda da ƙararrawa ya zuba su a leda ya ƙulle ya danƙa mini, ya ce kada in sa su a cikin kaya, in riƙe su a aljihun rigata. Da na miƙa masa ladan aikinsa ya karɓi na jiya, ya ƙi karɓar na yau, ya ce zuwan safe sallama ce ba aiki ba.

Gardamar farko da yaron mota aka yi ta. Shi so yake a gama lodi a ja tamfol, sannan a kifa keken a sama, domin a cewarsa haka kowa yake yi. Direban, mutum mai natsuwa wanda ya manyanta, ya saurare mu duka biyu, sannan ya ce a yi yadda mai kaya yake so tunda shi ya ɗauki shatar motar. Muka tsayar da keken a kan ƙafafunsa a jikin allon da ke bayan kan mota, inda girgiza ta fi sauƙi, katifa ɗaya a bayansa ɗaya a gabansa. Dattijon ya ɗaure shi a wuri uku, duka a jikin firam, bai bar igiya ta taɓa wayar wili ko ɗaya ba, kuma duk inda igiya za ta zauna sai da ya sa tsumma a ƙarƙashinta. Kayan nauyi, wato buhunan littattafai da injin ɗinkin uwargida, aka mayar da su can baya.

Mun bar gari da misalin ƙarfe 7, muka shiga layin motoci a Njimtilo. Tsakanin Maiduguri da Kano kusan kilomita 600 ne, kuma kanta mai lodi ba ta gudu. Muka wuce Beneshek da Ngamdu cikin hazo, shingen bincike bayan shingen bincike, ba mai yawan magana a cikinmu, domin duk wanda ya zauna a Borno ya san abin da wannan yanki na hanya ya gani. A wani shinge kafin Damaturu wani jami'i ya sa aka ɗaga tamfol, ya leƙa, ya ga kan keken, ya tambayi takardarsa. Ban ga laifinsa ba, domin satar keke ba sabon abu ba ce. Na fito da rasit ɗin Baba da ke cikin ambulan, takardar ta yi ja ta soma yagewa a wurin ninki, amma lambar da aka rubuta a jikinta tana karantuwa, kuma ita ce a buge a jikin firam. Ya daɗe yana duban takardar, sannan ya ce mahaifinsa ma irinsa yake da shi, su ne suka yi sakaci aka sayar wa 'yan gwangwan. Ya mayar mini da ita da hannu biyu ya ce mu sauka lafiya.

A Damaturu mun tsaya shan mai, ni kuma na zagaya neman ruwan alwala. Wannan 'yar tazarar ta minti 15 ita ce kuskurena na yau.

Sai da muka isa Potiskum, muka tsaya sallar azahar da cin abinci a gefen da tireloli suke jere, na ce bari in hau in duba igiyoyi, domin igiyar roba tana saki in ta sha rana da girgiza. Ina ɗaga tamfol na ga buhunan wake guda biyu da ban san da su ba, ɗaya a kan katifar gaba, ɗaya kuma ya zame ya zauna daram a kan madigadin baya. Ashe a Damaturu yaron ya karɓi saƙon wani zuwa Azare domin ya sami na kashewa, da ya rasa wuri sai ya cusa su inda ya ga sarari, sararin da muka bari da gangan domin keken. Raina ya ɓaci sosai, kuma ban ɓoye ba. Na san abin da yaran mota suke samu bai taka kara ya karya ba, na kuma san ɗaukar ɗan saƙo a hanya al'ada ce da masu shata da yawa suke kawar da kai a kanta. Da ya tambaye ni da na nuna masa inda zai sa su. Abin da ya yi mini ciwo shi ne ya ga dattijo ya baro gidansa da asuba saboda wannan keken, ya ga yadda aka naɗe shi kamar jariri, amma duk da haka a idonsa tsohon ƙarfe ne kawai. Da na yi masa magana ya ce: "Haba Malam, ai keke ne, ba gilashi ba." Direban ne ya tsawata masa, ya ba ni haƙuri, ya ce shi ma bai san an ɗora ba. Muka sauke buhunan tare muka mayar da su baya.

Ɓarnar da na gani a nan ita ce madigadin ya lotsa har yana gogar taya, kuma wayar wili ɗaya ta tsinke daga wajen cibiya. Na ɗaga bayan keken na juya wilin a hankali ina kallon tazarar da ke tsakaninsa da robar birki: yana ɗan kaɗawa, amma bai yi lanƙwasar da ba za ta gyaru ba. Na sa hannu na ɗago madigadin daga kan tayar, na naɗe wayar da ta tsinke a jikin 'yar'uwarta don kada ta soki tiyub, na ƙara jan igiyoyin uku. Daga nan duk inda aka tsaya ni ne na farkon sauka, ni ne na ƙarshen hawa.

Tun makon jiya abokan aikina suke cewa in sayar da shi in sayi wani a Kano, ko Phoenix ko ɗaya daga cikin kekunan gwanjo da suka cika kasuwa, wai wahalar ɗaukarsa ta fi kuɗinsa. Ta fuskar lissafi ba su yi ƙarya ba. Amma tsakanin Potiskum da Azare, ina zaune a gaban mota da ledar notuna a aljihu tana taɓa ƙirjina, na yi ta tunanin cewa gidan da Baba ya bari an raba, littattafansa sun watse a hannun 'yan'uwa, agogonsa ya mutu, keken nan ne kaɗai abin da ya bari wanda har yanzu yake yin aikin da aka saye shi dominsa. Shekara 13 yana kai ni aji a garin da wani lokaci fita ma sai da addu'a. Ban ga yadda zan bar shi a can saboda tafiyar yini ɗaya ba.

A Azare aka sauke waken, yaron ya zo da kansa ya riƙe mini tamfol ina dubawa, bai ce komai ba, ni ma ban sake tayar da maganar ba. Muka haye gadar Jama'are, muka yi la'asar a hanya, muka wuce Shuwarin rana tana yin ja. Magariba ta same mu kusa da Wudil, kuma daga gadar Wudil zuwa Mariri cunkoson manyan motoci ya cinye mana fiye da awa guda. Mun shigo unguwa bayan sallar isha, yara suka fito da gudu, ƙannena da maƙwabta suka taru sauke kaya. Na roƙe su kada kowa ya taɓa igiyoyin gaba, sai da aka kwashe komai aka janye katifu sannan na hau na kwance shi da hannuna na miƙo wa ƙanena.

A soro, da hasken fitilar waya, na yanke robobin na cire kwalayen. Fenti bai sami ko ƙwarzane ba, tambarin zalɓe yana nan lafiya, fok a miƙe yake. Na daidaita kan, na ɗaura sandunan birki, na mayar da feda, ta hagu ina juya ta baya kamar yadda dattijon ya nuna mini, ta shiga sumul. Madigadi da waya sai gobe in Allah ya kai mu, zan tura shi wurin masu gyara a sa sabuwar waya a buga wilin ya daidaita, ba zan hau shi ba kafin nan. Ƙararrawa na mayar a ƙarshe, na kaɗa ta sau ɗaya don in ji ko ta zauna. Sai ga Hajiya ta fito daga cikin gida tana dafa bango, ba ta ko tsaya amsa gaisuwata ba, ta kai hannu ta shafa sirdin, ta ce: "Ka dawo da shi?" Na ce na dawo da shi, Hajiya. Ta nuna mini lungun da ke bayan ƙofar soro, ta ce in jingine shi a can, nan Malam yake ajiye shi.