Rawar 'yan Indiya a Columbus da abin da ta jawo min a gida

Ni fa da zan taho Amurka karatu, duk abubuwan da na saka a rai zan gani babu rawar Indiya a ciki, amma wallahi ita ce abu na farko da ya faranta min rai tsakani da Allah a ƙasar nan.

A Columbus nake, jihar Ohio. Wanda ya san garin ya san sanyinsa daga Disamba zuwa Maris ba na wasa ba ne, biyar da rabi na yamma duhu ya rufa, ka fito daga lakca ka tsaya jiran bas a High Street yatsu sun daskare hanci na zuba. Musulmi kam akwai su alhamdulillah, Somaliyawa sun cika garin, in ka leƙa wajen Morse Road za ka samu naman halal da manja da garin kwaki har da kuɓewa, amma wanda za ku zauna ku yi Hausa ku yi dariya har ciki ya ƙulle, wannan sai dai a waya.

Wata 'yar ajinmu ce sila. Haifaffiyar nan ce amma iyayenta mutanen Gujarat ne. Muna aikin asamen tare ta ji ina rera wata tsohuwar waƙar Indiya ƙasa-ƙasa, ta ajiye biro ta ce a ina na san wannan, ita kanta a bakin kakarta take jin ta. Na ce baiwar Allah ai mu a Kano da fim ɗin Indiya muka buɗe ido, iyayenmu maza sun sha kallo a Plaza da El Dorado, Dharmendra ma Sarkin Ƙarfi muke ce masa, har 'yan bandiri suna ɗaukar karin waƙar Indiya su yi begen Manzon Allah da shi. Ta kasa rufe baki. Nan take ta ce to dole na zo Buckeye Mela, 'yar ƙanwar babanta tana cikin masu rawa, daga wata jiha za su zo, ita za ta saya min tikiti.

Buckeye Mela gasa ce da ɗaliban jami'ar Ohio State suke shiryawa da kansu, ƙungiyoyi su zo daga jami'o'i daban-daban, akwai ɓangaren bhangra zalla, wato rawar mutanen Punjab, akwai kuma na rawar gauraye. Ashe harka ce babba a faɗin ƙasar. Akwai Bhangra Blowout ta jami'ar George Washington da ake yi tun shekarun 1990, akwai Dandia Dhamaka a Michigan ta masu rawar sanduna, akwai Bollywood Berkeley a Kalifoniya, masu rawar gauraye da suka yi fice kuma suna hanƙoron samun gurbi a babbar gasar ƙarshen kakar wasa da suke kira Legends. Tana ta jero min sunayen ƙungiyoyi, Penn Dhamaka, UCLA Nashaa, Broad Street Baadshahz, wai har tsofaffin bidiyonsu take komawa ta kalla a YouTube in ta gaji da karatu.

Kowace ƙungiya ba ta wuce kamar minti goma a kan dandamali, amma abin da suke cusawa cikin minti goman nan sai wanda ya gani. Da farko a kashe fitilu a haska ɗan gajeren bidiyo da zai faɗa maka labarin da za su taka, sannan kiɗa ya tashi. Wadda ta tsaya min a rai ƙungiyar mata ce zalla, labarin wata kaka da ta baro ƙauyensu da jikarta da aka haifa a nan ba ta jin yaren. Sun fara da rawar gargajiya ta kudancin Indiya, bharatanatyam, gwiwoyi a buɗe sun ɗan durƙusa, ƙararrawa ɗaure a idon sawu, yatsu an rine su ja, muna kusa da gaba don haka ina ganin yadda ta tsakiyar take juya ƙwayar ido dama da hagu daidai da bugun ƙafa, kai bai motsa ba sai wuya kawai. Ban ankara ba aka turo wani jirgin ƙasa na kwali da fayif ɗin roba, suka shige bayansa da siket suka fito ta ɗaya gefen da wando da riga kiɗa ya koma na baƙaƙen Amurka, ko daƙiƙa goma ba a yi ba. Wata 'yar siririya a layin baya santsi ya kwashe ta ta faɗi a kan hannu, kafin na gama cewa subhanallah ta miƙe ta cimma sahu tana murmushi, da suka zo gaisuwa na ga gwiwar hannunta a kuje tana jini. A ƙarshe da jikar ta durƙusa ta taɓa ƙafar kakar sai zauren ya yi tsit, ni kam hawaye ne ya zubo min, Hajiya Babba na tuna.

Sai 'yan bhangra, mutanen Punjab. Kiɗan gangarsu dhol a ƙirji kake jin sa kamar ka tsaya kusa da makaɗan sarki ranar hawan daushe. Rawani mai tuntu a tsaye, riguna kore da ruwan ɗorawa da ja, suna tsugunnawa suna zabura, kafaɗa na rawa ba hutawa, ga wani abin katako mai naɗewa da suke buɗewa su rufe ya ba da ƙara kaf kaf gaba ɗaya lokaci guda. Ina kallo cinyoyina ni ma suka fara min ciwo.

Amma duk wannan bai kama ni kamar mutanen da ke zaune gefena ba. Wani dattijo mai furfura da gilashi, da 'yarsa ta fito miƙewa ya yi tsaye yana kiran sunanta da ƙarfi ko kunyar kowa ba ya ji, matarsa tana ɗauka a waya hannunta na rawa. Mamar ƙawata kuma ta buɗe wata roba ta miƙo min wani burodinsu mai faɗi thepla, ta ce ba nama a ciki ki ci 'yata. Yaran nan fa yawancinsu karatun likita da injiniya da kwamfuta suke, sai dare suke atisaye bayan an gama lakca, su haɗa kuɗin mota da na kaya da kansu. Iyayensu da kakanninsu da yawa sun shigo ne bayan dokar shige da fice ta 1965 da ta buɗe wa mutanen Asiya ƙofa, ga shi jikoki sun riƙe abinsu sun ƙara masa gishiri, ba wanda ya ce musu sun zubar da mutunci.

Daɗi ne ya cika ni na ɗauki bidiyo gajere na tura guruf ɗin gidanmu na WhatsApp, na rubuta Umma ga mutanenki. Lokacin wajen goma na dare a nan, huɗun asuba ke nan a Kano. Na tashi da safe na tarar da saƙon murya daga Yaya Babba, a cikin guruf, gaban kowa har da matan 'yan uwa da yaran da na goya. Wai ashe filin da Abba ya sayar aka haɗa min kuɗin tafiya gidan rawa aka tura ni, wai dama shi ya faɗa tun farko ba a kai mace ƙasar nan ba aure, wai na ji tsoron Allah. Kafin azahar matar Baffa ta kai bidiyon guruf ɗin dangi, aka fara kiran Umma ana mata jaje kamar an yi rashi.

Don Allah me na yi? Da hijabina har gwiwa na je. Sallar isha'i a lungun matakala na yi ta lokacin hutun rabin lokaci, ƙawata ta tsaya tana tsare min jaka. Akwai fati da suke yi bayan gasa ko tambayar inda yake ban yi ba, sha ɗaya ina ɗakina. Kallo na yi a zaune a kujera tsakanin wasu iyaye mata biyu. Kuma abin da ya fi min ciwo, Yaya shi ne yake kawo mana faifan Indiya gidan nan muna yara, shi ya koya min sunayen jaruman, in an ɗauke wuta shi yake tada janareto don kar Umma ta rasa ƙarshen fim. Na san yadda ake kallon rawa a garinmu, na san tun da aka kafa hukumar tace fina-finai a 2001 ake ta fama da 'yan fim a kan rawa da waƙa, na san har ƙauyen fim ɗin da aka so ginawa a Kofa a 2016 an fasa saboda surutun da ya tashi. Ban ce ra'ayinsa ba shi da tushe ba. Amma ya kira ni mana ni kaɗai, ya ce ƙanwata kaza da kaza, ai da na saurara. Shi bai san yadda mutum yake wuni a garin nan bai ji an kira sunansa daidai ba, bai san rabon da na yi dariya irin ta daren nan ba.

Kuma abin ya sa ni tunanin namu. Muna da gaɗa, muna da kiɗan ƙwarya, muna da koroso da kalangu, wallahi in aka tsara su aka haska musu fitila irin wannan babu wanda zai raina mu. In Allah ya ba ni 'ya'ya a ƙasar nan me zan nuna musu na ce wannan namu ne, tunda ni da na girma a Kano ma gaɗa sai a ɓoye muka yi ta a soro in Baffa ba ya nan.

Abba bai ce komai ba, kuma shirun nasa ya fi faɗan Yaya nauyi a wurina, in na kira sai ya amsa gaisuwa ya ce ya karatu, a dage, ya miƙa wa Umma waya. Ga sugansa ya sake hawa, ƙafar da take damunsa ta kumbura, an ce ya bar shayi da sukari ya ƙi. Umma ce dai ta kira ni da daddare bayan kowa ya kwanta ta ce na yi haƙuri yayana ne, gobe shi ne ubana, sannan ta rage murya ta ce wai waƙar da suka saka a ƙarshen nan kamar ta san ta, ba akwai wani bidiyon ba, na turo mata ita kaɗai. Na tura mata duka.

Yanzu kuma ga bikin Auta an sa bayan Babbar Sallah, ita tana so a yi kamu da kiɗa, Yaya ya ce walima kawai za a yi da wa'azi, an ja layi a gidan kowa na kirana na sa baki, ni da ake ganin na lalace wane bakin zan sa. Zuwa ma ba zan iya ba, bizata ta ƙare, in na fita sai na sake nema kuma kowa ya san yadda harkar bizar 'yan Najeriya ta koma tun 2025, ba zan yi gangancin barin karatu a tsakiya ba. Na dai saya mata turare da takalmi da agogo, da abin gwada suga na Abba mai tsinkensa da yawa. In akwai mai tafiya Kano ko Abuja daga Ohio ko Chicago kafin sallah don Allah ya yi min magana, kayan ba su da nauyi, ƙanina zai je ya karɓa duk inda aka sauka.