Matar da ke gefen tukunya: kwana biyu tsakanin Mikines da Atens

Da sanyin safiya muka bar Atens, babban birnin ƙasar Girka, ni da autanmu da ke karatu a can, a cikin bas mai zuwa Nafiliyo. Watan Nuwamba ne, iska tana kaɗawa kamar farkon hunturu. Mun wuce ta kan mashigin ruwan Korint, wanda aka haƙa ta cikin dutse aka buɗe a 1893, amma kafin in leƙa da kyau har mun bar shi a baya. Daga nan sai gonakin zaitun, can gaba kuma lambunan lemo sun yi ja da 'ya'ya. A wani ƙauye da ake kira Fikti muka sauka, muka ɗauki tasi zuwa kufan Mikines, birnin Sarki Agamemnon, wanda labari ya ce shi ya jagoranci Girkawa a yaƙin da suka yi da birnin Turoy. Daga Atens tafiyar kusan kilomita 120 ce.

Auta ne ya matsa a yi tafiyar. Tun yana sakandare yake son labarin Akilis, gwarzon Girkawa a yaƙin Turoy. Ni kuwa na karanta waƙoƙin Homer, tsohon mawaƙin Girkawa, guda biyu, Iliyad da Odisi, ina koyar da adabi, kuma abin da ya fara kama ni a cikinsu shi ne kirari. Ba a ambaton Akilis sai an ce mai saurin ƙafa, ba a ambaton Hekta, gwarzon Turoy, sai an ce mai kwalkwali mai walƙiya. Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin dambe ya ji ana wasa ɗan wasa, zai gane cewa wannan waƙar baka ce tun kafin a rubuta ta, wajen ƙarni na 8 kafin haihuwar Annabi Isa (AS).

Ƙofar birnin tana nan tsaye. An gina ta wajen shekara ta 1250 kafin haihuwar Annabi Isa, da duwatsun da ko ɗaya mutum goma ba za su iya motsawa ba. A samanta an sassaƙa zakuna biyu suna fuskantar ginshiƙi, kawunansu sun daɗe da faɗuwa. Da shigarka ta hannun dama akwai wani zagayen kaburbura, inda wani Bajamushe, Heinrich Schliemann, ya tono zinariya mai yawa a 1876. Auta ya tsaya a bakin zagayen yana ta ɗaukar hoto.

Ya ce, "Yaya, daga nan fa aka tashi da jiragen ruwa aka je aka ci Turoy. Maza ke nan!"

Na ce, "Auta, ka tuna da me Iliyad ta fara?"

Ya ce da fushin Akilis. Gaskiya ne, amma fushin a kan me? A kan rabon ganima, kuma ganimar mata ce. An tilasta wa Agamemnon ya mayar da wata yarinya da ya kamo ga mahaifinta, sai ya huce a kan Akilis, ya ƙwace tasa baiwar, Birisayis. Akilis ya ajiye makamai, Girkawa suka yi ta mutuwa. Mazan nan biyu suna cacar baki a kan girma da daraja, ita kuwa wadda ake jayayya a kanta ba a ji muryarta ba sai a babi na 19 cikin babi 24. Nan ma a makoki ne, a kan gawar Fatrokulus, aminin Akilis. A nan muke jin cewa an kashe mijinta da 'yan'uwanta maza uku ranar da aka ci garinsu, kuma Akilis ne ya kashe mijin. Mawaƙin ya ƙara wani abu da ban taɓa mantawa ba: sauran bayi mata sun taya ta kuka, a fili don mamacin, amma kowacce tana kukan abin da ke cinta ne.

Na gaya wa Auta gasar kokawa da aka yi a babi na 23. Wanda ya yi nasara zai samu babbar tukunyar ƙarfe mai ƙafa uku da aka yi wa kuɗi shanu 12. Wanda aka kayar zai samu mace gwanar aikin hannu, kuɗinta shanu 4. Ya yi shiru, ya sa wayarsa a aljihu.

Muka hau har ƙololuwar tudun, inda fadar take a da. Ba abin da ya rage sai daɓe da gindin bango, amma daga nan ana hango filin Argos gaba ɗaya har bakin teku. Da muka sauko, a wajen ganuwa, muka shiga wani kabari da aka gina da dutse, cikinsa kamar ƙaton rumbu, ana bi ta wani dogon lungu kafin a kai ƙofarsa. Ana kiransa kabarin Kilitemnestira, matar Agamemnon, ko da yake mutanen baya ne suka laƙaba masa sunan. Babu kowa a ciki sai mu biyu. Idan ka yi magana, muryarka tana dawo maka.

Wannan matar ita ce abar misalin muguwar mace a Odisi. Ita da kwartonta suka kashe Agamemnon ranar da ya dawo daga yaƙi, kuma fatalwarsa a lahira tana gargaɗin Odisiyus, gwarzon waƙar, kada ya saki jiki da mace. A gefe guda an kafa Fenelofi, matar Odisiyus, wadda ta jira mijinta shekara 20, manema 108 sun cika mata gida suna cinye dukiya. Ta ce ba za ta yi aure ba sai ta gama saƙa likkafanin surukinta, tana saƙawa da rana tana warwarewa da dare, har shekara uku. Ina ƙaunar Fenelofi, dabararta ba ta gaza ta mijinta ba. Abin da ke damuna shi ne ma'aunin. Mijin ya yi shekaru a wurin wasu mata biyu a hanya, ba wanda ya zarge shi. Kuyangi 12 na gidansa da aka ce sun yi hulɗa da maneman kuwa, ɗansa ya rataye su a igiya ɗaya a tsakar gida. Ita ma Kilitemnestira, Homer bai kawo dalilinta ba. Sai a wasan kwaikwayon marubuci Eskilus na shekarar 458 kafin haihuwar Annabi Isa aka bar ta ta faɗi da bakinta cewa mijin ya yanka 'yarsu don iska ta tura jiragensa.

Washegari muka je babban gidan adana kayan tarihi na Atens. Tun daga ƙofar zauren Mikines za ka ga cincirindo a gaban wani murfin fuskar gawa na zinariya da ake kira fuskar Agamemnon. Masana sun nuna ta girmi zamanin da ake sa yaƙin Turoy da kimanin shekara 300, amma sunan ya riga ya bi ta. Na duba na wuce.

Can ciki na tarar da abin da ya riƙe ni. Wata babbar tukunyar ƙasa ce daga Mikines, ta ƙarni na 12 kafin haihuwar Annabi Isa. An zana mayaƙa shida a jere suna tafiya, da kwalkwali mai ƙaho, da garkuwa, kowanne ya ɗaure ɗan ƙunshin guzuri a jikin mashinsa. A can ƙarshen hagu, dab da mariƙin tukunyar, ga wata mace cikin doguwar riga ta ɗaga hannu ɗaya zuwa kanta. Duk sun ba ta baya. Nan take na tuna Andromaki a kan ganuwar Turoy, tana roƙon mijinta Hekta kada ya fita, domin Akilis ya riga ya kashe mata uba da 'yan'uwa bakwai. Jaririnsu ya tsorata da gashin dokin da ke kan kwalkwalin ubansa, Hekta ya cire ya ajiye a ƙasa, suka yi dariya su biyu. Sannan ya ce ta koma ga masaƙa da mazari, yaƙi na maza ne. Duk da haka, da mawaƙin ya zo rufe waƙarsa, bai kai mu ga cin birnin ba. Ya tsaya a jana'izar Hekta, ya ba mata uku fili su yi makoki: matarsa, da mahaifiyarsa Hekuba, da Helen, wadda aka ɗora wa laifin yaƙin. Wannan ne ya sa nake ganin Homer ya san sarai wa ke biyan kuɗin kirarin nan.

A wani akwatin gilashi kuma akwai ƙananan allunan yumɓu daga fadar Filos, waɗanda aka tono tun daga 1939, Michael Ventris ya warware rubutunsu a 1952. Lissafin fada ne kawai. A cikin irin waɗannan alluna an ƙidaya ƙungiyoyin mata ma'aikata da 'ya'yansu, masu niƙa da masu kaɗi da masu saƙa, da rabon hatsi da ɓaure da ake ba su. Wasu an kira su da sunan garuruwan da ke tsallaken teku, wasu an rubuta kamammu ne. A babi na 20 na Odisi akwai irinsu: baiwa ɗaya cikin 12 masu niƙa, mafi rauni, gari ya kusa wayewa ba ta gama rabonta ba, ta tsayar da dutsen niƙa tana addu'a yau ta zama ranar ƙarshe da maneman za su ci abinci a gidan, domin sun karya mata gwiwa. Kakarmu takan yi waƙa a kan dutsen niƙa da asuba, kuma a cikin waƙar take faɗin abin da ba ta iya faɗa da rana.

Auta ya dawo daga wajen fuskar zinariyar ya same ni na koma gaban tukunyar. Ya sunkuya ya daɗe yana kallon matar.

Ya ce, "Yaya, ban-kwana take yi musu, ko kuka take yi?"

Na ce ya ɗauko mini hotonta, ita kaɗai. Ya matsa kusa da gilashin, ya gyara wayar sau uku kafin hannunta ya shiga.