Wasiƙa Zuwa Kaduna: Aikin Masu Farautar Ɓoyayyen Abu

Assalamu alaikum.

Malamanmu, ƙannenmu masu karatun fiziks a Samaru da KASU da NDA, da iyayen da ke biyan kuɗin makaranta suna jiran su ga abin da zai fito, muna gaishe ku daga Tiriyeste ta ƙasar Italiya. Tambayar da ta fi zuwa mana daga gida ita ce: wai mai binciken "dak mata" (dark matter) me yake yi in gari ya waye, kuma ta wace ƙofa ake shiga? Sunan yakan sa 'yan aji dariya, amma babu ruwansa da mata. Mu kira shi ɓoyayyen abu, domin yana da nauyi, yana jan taurari, amma ba ya fitar da haske, ba ya kuma tare shi.

Da awo aka gano shi. A cikin duniyoyin da ke zagaya rana, ta nesa ita ce mai nawa: Makuri tana cin kilomita 47 a sakan ɗaya, tamu 30, Neftun kuwa biyar da ɗoriya. Haka aka zata za a samu a taurarin da ke bakin galaksi, wato babban garken taurari irin wanda muke ciki. Da Vera Rubin da Kent Ford suka auna na Andiromeda a 1970, sai suka tarar na gefe ba su rage gudu ba, alhali nauyin da ake gani bai isa ya riƙe su ba. Tun a 1933 Fritz Zwicky ya faɗi irin wannan game da gungun galaksi na Koma, ba a cika kula shi ba. Sakamakon tauraron ɗan Adam na Planck na 2018 ya raba abin kamar haka: duk abin da muka sani, daga tuwo har rana, kusan kashi 5 ne cikin ɗari, ɓoyayyen abu kusan 27, sauran 68 wani ƙarfi ne daban da ke ƙara wa sararin samaniya saurin buɗewa.

A unguwar da ranarmu take, yawansa ya kai kimanin nauyin furoton ɗaya, wato ƙwayar da ke cibiyar zarra, a kowane santimita uku murabba'in tsaye. Idan ƙwayarsa ta ninka furoton sau ɗari, to ledar fiya wata tana ɗauke da guda ɗaya ko biyu, suna ratsa ta da gudun ɗaruruwan kilomita a sakan.

Masu neman kama shi da na'ura sun nutsa ƙarƙashin ƙasa, don dutse ya tare ƙwayoyin da ke zubowa daga sama. Na'urar LZ tana cikin tsohon ramin zinari a Dakota ta Kudu a Amurka, zurfin kusan kilomita ɗaya da rabi, da tan 7 na ruwan iskar zinon a tsakiyarta. XENONnT tana ƙarƙashin dutsen Gran Sasso a nan Italiya da tan 5.9, PandaX kuma a Jinping ta ƙasar Sin. Ana sanyaya zinon zuwa kusan digiri 100 ƙasa da sifili. Duk abin da ya bugi ƙwayar zarra a ciki yakan ba da walƙiya biyu: ta farko nan take, ta biyu bayan wutar lantarki ta jawo ilektaron da suka kuɓuce zuwa saman ruwan. Tazarar da ke tsakaninsu ita ke nuna zurfin wurin, girman ta biyu in an gwada da ta farko kuma shi ke nuna ko cibiyar zarra aka buga ko ilektaron. Ana watsi da abin da ya faru kusa da bango, domin can dattin kayan gini yake taruwa. Yawancin shekarun ɗalibi a nan wajen yaƙi da datti suke tafiya: iskar radon da ke tsattsafowa daga ƙarfe da waya, da kirifton-85 da sai an tace shi daga zinon. Yanzu ma wata matsala ta taso wadda ba ta wankuwa, domin a 2024 PandaX da XENONnT sun ba da rahoton alamar nutirino na rana, wasu ƙwayoyi marasa nauyi sosai waɗanda bugunsu ke kama da na abin da ake nema.

Mai aikin ka'ida, wanda shi ne ya fi sauƙin yi daga Kawo ko Tudun Wada, kayan aikinsa takarda ne da kwamfuta. Ga yadda aikin farko yakan kasance. Sai ka ƙara sabuwar ƙwaya a kan Daidaitaccen Tsarin ƙwayoyi, ka rubuta yadda take hulɗa da sauran, misali ta hanyar ƙwayar Higgs da aka gano a cibiyar binciken CERN a 2012 mai nauyin GeV 125 (GeV ma'aunin nauyin ƙwayoyi ne, furoton kusan GeV ɗaya ne). Sai ka lissafa nawa za ta saura tun daga farkon halitta. Lokacin da zafi ya yi yawa, ana ƙirƙirar ƙwayoyin suna kuma cinye juna. Da zafin ya sauka zuwa kusan kashi ɗaya cikin 20 na nauyin ƙwayar, sai su yi nisa da juna, cin ya tsaya, abin da ya rage ya rage ke nan. Dole amsarka ta faɗo a kan 0.12, lambar yawan ɓoyayyen abu da Planck ya auna, wanda ke buƙatar saurin cin juna na kusan 3×10⁻²⁶ santimita murabba'in tsaye a sakan. In ta wuce nan, sai ka duba ko LZ ba ta riga ta kore ta ba, sannan ka duba iyakokin LHC, na'urar CERN mai karo da ƙwayoyi, mai zagayen kilomita 27. Manhajojin FeynRules da micrOMEGAs da MadGraph duk kyauta ne, kuma ƙaramar laftof tana ɗaukar lissafin farko.

Wuraren da ake faɗuwa sanannu ne. Akwai ninki biyu da ke shiga ko fita dangane da ko ƙwayar ita ce kishiyar kanta, kuma mutane da yawa sun ɓata makonni a kansa. Akwai juya ma'auni: ana lissafi da GeV, ana ba da rahoto da santimita, GeV⁻² ɗaya kuwa daidai yake da 3.89×10⁻²⁸ na santimita murabba'i. Wanda ya manta wannan zai yanke wa tsarinsa hukuncin da ba daidai ba. Akwai kuma kusa da GeV 62.5, rabin nauyin Higgs, inda cin juna ke tashi farat ɗaya a ɗan siririn wuri. In ka tsallaka nauyi biyar-biyar za ka wuce shi ba ka sani ba. Shi ya sa ba mu yarda da ɗalibin da ya danna manhaja bai taɓa warware lissafin da hannu ko sau ɗaya ba.

Manya ma suna faɗuwa, kuma ya kamata ku san labarinsu kafin ku ga "an gano" a Facebook ku tura wa dangi. A 2011 gwajin OPERA ya ga kamar nutirino sun fi haske gudu, ashe wata wayar haske ce ba ta ɗauru da kyau ba. A Maris 2014 ƙungiyar na'urar hangen nesa ta BICEP2 ta sanar da alamar girgizar farkon halitta, daga baya aka ga ƙurar galaksinmu ce. Ɗan Kaduna da ya taɓa neman jinjirin wata cikin hazon hunturu zai gane wannan da wuri. A Disamba 2015 wani ɗan tudu ya bayyana a GeV 750 a bayanan LHC, aka rubuta ɗaruruwan maƙaloli a kansa, ya ɓace a Agusta 2016 da bayanai suka ƙaru. Abin da XENON1T, wadda ta gabaci XENONnT, ta gani a 2020 ma bai sake fitowa a XENONnT ba a 2022. Dalili ke nan da ake neman sigma 5, wato damar katari ta zama kusan ɗaya cikin miliyan uku da rabi, kuma wasu ƙungiyoyi suke rufe wa kansu ainihin bayanan har sai sun gama tsara yadda za su tace su.

Batun hanya kuwa, lissafi ne gaba. Aljabarar matiris, kalkulas mai zurfi, ka'idar kwantam, ka'idar Einstein, ƙididdiga, sannan Python da LaTeX. Giɓin da ya fi yawa ga wanda ya fito daga jami'o'inmu shi ne ka'idar fili ta kwantam, wadda ba a cika koyarwa a digirin farko ba, don haka yawanci sai an bi ta gada. Cibiyar ICTP, wadda Abdus Salam ya kafa a nan a 1964, tana da difloma ta shekara ɗaya da ke farawa a Satumba, da tallafin kuɗi ga 'yan ƙasashe masu tasowa. AIMS, wadda Neil Turok ya fara a Afirka ta Kudu a 2003, tana da rassa a Ghana da Senegal da Kamaru da Ruwanda. Akwai EAIFR a Kigali da AUST a Abuja. Mai sha'awar ɓangaren na'ura kada ya raina cibiyar CERT ta Zariya, inda ƙaramin injin nukiliya na bincike yake aiki tun 2004, domin auna tururin nukiliya mai rauni shi ne sana'ar da LZ take ci da ita.

Digiri na uku shekara uku zuwa huɗu ne a Turai, biyar zuwa shida a Amurka, kuma a wannan fanni ɗalibi ake biya, ba shi ke biya ba. Bayansa sai aikin kwantiragi na shekara biyu ko uku, sau biyu ko uku, galibi kowanne a wata ƙasa. Ana tura takardu a wajajen Nuwamba, amsa ta zo farkon shekara. Iyaye su sani, kujerun dindindin kaɗan ne, kuma da yawa sukan koma aikin sarrafa bayanai ko koyarwa. Abin da ke ɓata wa 'yan gida takarda bai wuce biyu ba: sakamakon jarrabawa da aka nema a makare, da wasiƙar malami mai cewa "yaron kirki ne" ba tare da ta ambaci lissafi ɗaya da ya warware ba. Ana son wasiƙu biyu ko uku, daga waɗanda suka ga aikinka da idonsu.

Wanda ke son gwada kansa a wannan hutun, ya sauke manhajar CLASS, ya zana yadda zafin hasken farkon halitta yake hawa da sauka a sararin sama. Zai ga tudu na farko a kusan lamba 220 a ma'aunin zanen, wato faɗin digiri ɗaya. Sai ya mayar da 0.12 ta koma 0.06, ya sake zanawa, ya ɗora a kan ma'aunin Planck, ya lura da tsayin tudu na uku in an gwada shi da na farko. Ya rubuta shafi biyu yana bayyana dalilin sauyin da kalmominsa, ya kai wa malamin da zai rubuta masa wasiƙa.

A gaishe mana da mutan gida.

Naku,
'Yan'uwanku masu binciken fiziks a ƙasar waje