Man kwance noti a jikin bindigar farauta

Gwangwanin man feshi na WD-40 ba ya rabuwa da akwatin kayan aikina. Da shi nake kwance notin da tsatsa ta cinye, da shi nake kashe kukan ƙyauren ƙofa. Da bindigar farautar wani dattijo a danginmu ta dawo hannuna, bayan an gama da takardun lasisi, sai na tarar shi ma da wannan man ya yi shekaru yana kula da ita. Ba ya kwance ta. In ya dawo daga daji sai ya feshe ta ciki da waje, ya goge da tsumma, ya jingine a lungu.

Daga waje ba ta da laifi, ko ɗigon tsatsa babu. Dama aikin da aka haɗa man dominsa ke nan. Wani ƙaramin kamfani a San Diego ta Amurka, Rocket Chemical Company, shi ya ƙirƙiro shi a 1953, aka yi amfani da shi wajen kare jikin makami mai linzami na Atlas daga tsatsa. Korar ruwa daga jikin ƙarfe, nan ya fi ƙwarewa.

Na tabbatar babu harsashi a ciki, na kwance ta, sai labari ya sha bamban. Kunamar tana jan jiki kafin ta koma mazauninta, allurar da ke bugun gindin harsashi kuma tana tafiya da ƙyar. Duk wani lungu ya cika da baƙin danƙo mai kama yatsa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mafi yawan abin da ke cikin gwangwanin sinadari ne ɗan uwan kananzir, yana ratsa ko'ina sannan ya bi iska, ya bar siririn mai a baya. A yi feshi a kan feshi ba tare da an wanke na jiya ba, ƙura da tokar albarushi su hau kai, a ƙarshe abin ya daskare. Allurar da danƙo ya riƙe ba ta buga harsashi da ƙarfi, musamman lokacin sanyi, mutum ya ja kunama ya ji ƙyas, shiru. Wannan ya fi tsatsa tayar mini da hankali, don harsashin da aka buga bai tashi ba yana iya tashi bayan 'yan daƙiƙoƙi.

Kafin in sayi komai, na so in ga iyakar ƙarfinsa a cikin bututu. Na jiƙa tsumma da shi na zura, ya fito baƙi ƙirin. Na maimaita har ya fara fitowa fari, ka rantse an gama. Sai na sa ruwan wankin bindiga mai sinadarin amoniya, na bar shi ya ɗan jiƙa, na bi da burushin tagulla. Ko kafin burushin ya shiga, tsumma na farko ya fito shuɗi. Wannan shuɗin ragowar tagullar rigar harsashi ce da ke mannewa a bangon bututu, kuma man feshi ba ya narkar da ita, haka ma dalma. Toka ta sama-sama kawai yake ɗauka.

Katakon ma bai tsira ba. Da yake a tsaye ake jingine ta, man ya riƙa gangarowa yana shiga ƙotar, wurin da ta haɗu da ƙarfe ya yi baƙi ya yi taushi. Wannan ba ya gyaruwa da tsumma. Tun daga nan, in na shafa wa bindiga mai, bakinta nake juyawa ƙasa.

Ban jefar da gwangwanin ba. In ruwan sama ya dake mu a daji, shi nake fara fesa wa ƙarfen don ya kori danshin da ya shiga inda tsumma ba ya kaiwa. Haka kuma wasu tsofaffin harsasan soja suna barin gishiri a bututu bayan harbi, gishirin kuwa ruwa ke narkar da shi, mai ba ya yi. Sai an wanke da ruwan zafi, a nan feshin yake da rana wajen busar da ƙarfen. Amma da na isa gida nake goge shi tas, in bi da man da aka yi don bindiga. Kayan kula da bindiga sun daɗe: ruwan wankin Hoppe's No. 9 tun 1903 yake, Ballistol kuma an haɗa shi a Jamus a 1904 domin sojojin ƙasar.

Wurare biyu ne ba na bari ya kusanta. Na farko mazaunin harsashi. Lokacin harbi kwanson yana kumbura ya kama bango, in bangon yana da santsin mai sai ƙarfin ya koma baya a kan makullin bindigar, wato ƙarfen da ke toshe bayan harsashi. Na biyu harsasan kansu, domin man da aka yi don ya ratsa tsakanin noti da ƙarfe yana iya ratsa gindin harsashi ya kashe sinadarin da ke tayar da wuta. Ramin allura kuwa a bushe nake barinsa, makulli da sauran sassa masu motsi su sami ɗigo ɗaya-ɗaya na man bindiga, bututu kuma in zura masa busasshen tsumma kafin in fita farauta.