Kafin ka yanka motar kakanka

Ɗan ƙanwata ya zo aron cen-bulok ranar Asabar. Yaron da bai taɓa canza taya da hannunsa ba, me zai yi da sarƙar ɗaga inji? Sai da na matsa masa ya faɗa. Datsun 280ZX ɗin kakansa na wajen uba, wadda ta daɗe a ƙarƙashin rumfa tana shan ƙura, ita yake so ya tayar, amma ba da injinta ba. Ya riga ya yi ciniki a kasuwar Panteka a kan injin Land Cruiser mai silinda takwas, 2UZ, lita 4.7, har ya ba da kafin alƙalami. "Kawu, ai kai ma ka taɓa yi," in ji shi, yana murmushi. A zatonsa yabona yake yi.

Na taɓa yi, shi ya sa nake wannan rubutu, don na san ba shi kaɗai ba ne. Kuna da yawa, ku da kuke kwana kallon Turawa a YouTube suna cusa manyan injina a tsofaffin motoci cikin bidiyon minti goma sha biyar.

Tamu Datsun 260Z ce, ƙirar 1974, mai kujera biyu da doguwar bonet. Baba ya saye ta a hannun wani Bature da ke aiki a masaƙa a Kakuri, Kaduna, lokacin da kuɗin Udoji suka shigo hannun ma'aikata, ya cika da bashin ofis. Inna ba ta taɓa yafe masa wannan ba: mutum da gida cike da yara ya sayo motar da ke ɗaukar mutum biyu. Injinta silinda shida ne a jere, lita 2.6, kafireta biyu, ƙarfin doki wajen 150, a jikin da bai wuce tan ɗaya da ɗoriya ba. Yayarta 240Z, da inji irin wannan, ita ta ci tseren Safari na Gabashin Afirka a 1971, ta sake ci a 1973, cikin laka da duwatsun Kenya da maƙwabtanta. Motar ba ta rasa ƙarfi ba. Ni ne na ga ta rasa.

Amma a yi min adalci. Lokacin da Baba ya rasu injin yana hayaƙi, yana shan baƙin mai. Kafireta biyun nan sai an daidaita su su riƙa jan iska daidai wa daida, kuma tsofaffin bakanikan da suka iya wannan da kunne wasu sun rasu, wasu sun bar sana'a. Na yi yawon neman ringi da gaskit, kowa ya ji sunan motar sai ya yi dariya. A daidai lokacin kuma injinan Beljiyam na Lexus LS400 sun cika kasuwa da araha. Sunan injin 1UZ, wanda Toyota ta fitar a 1989: silinda takwas, lita 4, doki 250, jikinsa na alminiyam, don haka nauyinsa bai yi nisa da na tsohon injin ƙarfen ba. A takarda babu mai hankalin da zai ce na yi wauta. Har hujja nake kawo wa abokai da Carroll Shelby, Ba'amurken da ya ɗauko ƙaramar motar Ingila AC Ace a 1962, ya sa mata injin Ford mai silinda takwas, aka sami Cobra da duniya ke yabo har yau. Abin da ban riƙa faɗa ba, don ban damu in sani ba, shi ne Shelby yana da kamfanin AC da injiniyoyin Ford a bayansa, kuma da suka zo sa babban injin Ford mai suna 427 a 1965 sai da suka sake ƙashin motar gaba ɗaya, da bututu masu kauri da sabbin sifirin. Ni ina da bakanike ɗaya, mai walda ɗaya, da inuwar darbejiya a ƙofar gida.

Na ce kafin babbar sallah an gama. Sallah ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa.

Ranar da muka sauke injin cikin ramin bonet aka fara. Tsohon siriri ne dogo, sabon kuwa faffaɗa ne, kawunansa biyu sun buɗe hagu da dama. Kaskon baƙin mai na LS400 a gaba tumbinsa yake, daidai inda ƙarfen da ke riƙe ƙafafun gaba da sitiyari ya gitta. Maganinsa shi ne a nemo kaskon wata Lexus ɗin, SC400, wanda tumbinsa ke baya, da bututun zuƙar mai nasa. Ban da haƙurin nema. Na sa aka yanka kaskon aka sake walda, aka ɗan ci gefen ƙarfen da ya gitta. Wannan yankan shi ne na farko, kuma daga shi hannuna ya saba. Salansa ta hagu ta ci karo da sandar sitiyari, aka lanƙwasa bututu da wuta ya bi ta ƙarƙashin tukunyar man birki. Giyar Lexus mai sarrafa kanta ta ƙi shiga ramin da aka yi wa siririyar giyar hannu, muka sa guduma, da guduma ta gaza muka sa injin yanka. Ku sani, waɗannan motocin ba su da shasi daban da jiki. Farantin da kake takawa da ramin giyar su ne ƙashin motar. Duk inda ka yanka, ƙarfinta ka rage. Da muka ɗaga kafet kuma muka tarar tsatsa ta riga mu, musamman ƙarƙashin mazaunin batir inda ruwan batir ya shekara yana ɗiga. Na ɗora benen kankare a kan tsohuwar katangar ƙasa, ina ta murna.

Sai wayoyin wuta. Tsohon injin waya kaɗan yake buƙata ya tashi. Sabon ba ya motsi sai da ƙwaƙwalwarsa, da kowace na'urar da ke gaya mata yawan iska da zafin ruwa da juyin inji. Wanda ya ciro injin a can ƙasar waje da almakashi ya datse damin wayoyin, ya bar rabi a jikin motar da aka yanka. Rewaya ya zo ya tafi, wani ya zo ya kwance aikin na farko. Da aka samu ya tashi sai ya riƙa mutuwa ba dalili, ashe tsofaffin ƙwaƙwalen LS400 suna da ciwon da aka san su da shi, ƙananan kafasito na ciki suna zubar da ruwa su ci allon. Kafin mu gano haka mun ƙona kik da yawan tayarwa, kuma kik ɗin wannan injin a tsakiyar kwarin silindoji aka ɓoye shi, sai ka cire duk abin da ke samansa kafin ka taɓa shi.

Ba zan yi ƙarya ba, ranar da ta fara tafiya na yi ƙwalla. Ƙarar nan mai taushi, ka taɓa totur kaɗan bayanka ya manne da kujera. Maƙwabta suka fito. Har yau in na tuna wannan yammacin sai in ji kamar ban yi asara ba, kuma duk wanda ya ce babu daɗi a abin bai taɓa ji ba ne.

Daɗin bai kai wata ba. Kafireta mai take so a hankali, matsin da bai wuce fam uku zuwa huɗu ba, nozul kuwa, mai fesa wa sabon injin mai, wajen arba'in yake so. Mun sa famfo mai ƙarfi, mun bar wani guntun tsohon tiyon roba saboda ya yi wuyar cirewa. Ya fashe a ƙofar gida, fetur ya fesa kusa da salansa. Yashin ginin maƙwabci ne ya cece mu. Tankin ma ba a yi shi don wannan ba, in mai ya yi ƙasa ka sha kwana sai famfo ya zuƙi iska mota ta shaƙe. Farfelar da aka gajarta ba a daidaita nauyinta ba, daga gudun tamanin duk motar rawa take. Akwatin aksul na baya, wanda aka yi wa doki 150, duk lokacin da na taka sai ya ɗaga hanci ya doki ƙasan mota, har ya yaga robar da ke riƙe shi. Lagireto kuwa a rana ta Maris cikin cunkoson Kawo, allura sama kawai take yi.

Birki ne ya kawo ƙarshen rawar kaina. A hanyar Zariya, bayan Jaji, shanu suka shigo titi. Gaba ƙananan faifai ne na asali, baya durom, man birki kuma ya sha zafin salansar da na bi da ita ƙarƙashinsa. Na taka, feda ta tafi ƙasa kamar babu komai. Na bi gefen titi na shiga gona. Ƙanena na zaune kusa da ni, matarsa da ciki a lokacin. Bai ce min komai ba, har yau bai ce ba, kuma bai sake shiga motar ba.

Duk wannan ana iya gyarawa da kuɗi. Akwai biyu da ba sa gyaruwa. Tsohon injin ya zauna a tsakar gida, maigida ya ƙi kulawa, uwargida ta gaji da zagaye shi da tsintsiya, na kira 'yan gwangwan suka ɗora a sikeli. Lambar da ke jikinsa ita ce a ƙaramin farantin da kamfani ya maƙala a ramin bonet tun Japan. Masu neman irin waɗannan motoci wannan suke fara dubawa. A Janairun 2020 aka sayar da wata 240Z ƙirar 1971 da ba a taɓa komai nata ba a kan dala 310,000 a gwanjon intanet a Amurka. Ƙanen nan nawa ya turo labarin zauren WhatsApp na gidanmu, bai ƙara ko kalma ɗaya ba. Na san tamu ba za ta taɓa kai ko kusa ba, waccan ba ta yi tafiyar kirki ba, kuma ba ƙira ɗaya ba ce. Na rubuta haka, na goge. Domin na biyun shi ne motar ba tawa ba ce. Gado ce da ba a raba ba. Kowace ƙanwata tana da haƙƙi a ciki, har da uwar yaron nan, kuma ban tambayi kowa ba. Na ce ai ni ne babba, ni nake kashe kuɗina, in ban da ni da tuni kaji sun yi ƙwai a ciki. Wannan gaskiya ne. Bai mai da ita halalina ba.

Na zauna da niyyar jero muku shawarwari goma cikin tsari. Da na duba, yawancinsu abu ɗaya ne.

Kada ka yi. 280ZX ta zo da injin L28, lita 2.8, da nozul tun daga kamfani, da birkin faifai ƙafa huɗu. A wanke tanki, a canza duk roba, a buɗe injin a sa ringi. Uzurina na rashin kayan gyara ya mutu, yanzu da wayar nan da ba kwa ajiyewa kuna iya yin odar gaskit daga Amurka ko Japan, amma ba ku san ta da wannan amfanin ba, sai ɗaukar hoto a jikin motar da ba ta tashi. Kuma 2UZ jikinsa ƙarfen zubi ne, an yi shi don jan jif. Ka ɗora wannan nauyin a hancin ƙaramar mota, a kwana za ta nuna maka inda take so ta bi.

In kunnenka na ƙashi ne, to fara daga baya. Birki, aksul, tanki da bututun mai, walda a duk inda tsatsa ta ci, lagireto. Inji shi ne na ƙarshe, kuma shi ne mafi arha a cikin lissafin, wannan ne ba a nunawa a bidiyo. Kada ka karɓe shi sai da cikakkun wayoyinsa da ƙwaƙwalwarsa, da makullinsa in mai lambar sirri ne, don da yawa daga injinan ƙarshen shekarun 1990 zuwa sama ba sa tashi sai da shi. A ƙera mazaunin injin da noti, yadda za a iya kwancewa. Tsohon kuma a zuba masa mai a silinda, a rufe, a ajiye, ko matarka za ta yi yaji.

Ko da yake, in na faɗi gaskiya, na fi son in ga yaro da baƙin mai a farce fiye da zaman majalisa ana gardamar ƙwallo. Duk abin da na sani na mota a wannan ɓarnar na koya, babu makarantar da ta koya min. To ku yi. Ku yanka. Amma ku haɗa kuɗi ku sayi wata gawar mota da ba ta da magada, ku yi ta yanka har ku ƙoshi. Na san na ce kada a yi. Duka biyun nake nufi.

Ku yi lissafin mai kuma. Ni na yi nawa haukan lokacin tallafi. Tun 29 ga Mayun 2023 lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, ba ta tsaya nan ba, ga ku da albashin da ba ya kai ashirin ga wata kuna mafarkin silinda takwas. A gyara lambar inji a takardun mota kafin a hau titi. Sannan kai ɗana, je ka sami baffanninka da gwaggwanninka ɗaya bayan ɗaya, su yarda a gaban shaidu, ko ka biya su rabonsu.

Tamu tana gareji da injinta mai silinda takwas. Nakan zaga unguwa da ita bayan la'asar, ba na wuce arba'in, don birkin bayan da nake ce muku ku fara da shi ni ma har yanzu ban canza ba. Kwanaki wani yaro ya zo taya ta, wai zai riƙa wasan mota da ita a ɗaurin aure, yana juyi taya na hayaƙi. Ko ruwa ban ba shi ba.