Abin da zaman karatu a Norwe ya koya min, ga masu shirin tafiya

Duk wanda ya ji na yi karatu a Norwe tambayarsa ta farko ita ce yaya ka yi da sanyi. Gaskiya sanyin shi ne mai sauƙi, tufafi ne maganinsa, ka sa rigar ulu mai manne jiki a ciki, ka ɗora suwaita, sannan jaket mai tare iska da ruwa, shikenan. Kuma ba sai sabo ba, akwai gwanjo a shagunan Fretex, ga shafin intanet na Finn.no inda mutane ke sayar da kayansu, wani ma kyauta zai ce ka zo ka ɗauka. Abin da ke kayar da mutum duhu ne da kaɗaici. A Trondheim inda na zauna, cikin Disamba rana sai wajen goma na safe take leƙowa kuma kafin uku ta faɗi, wanda ke Tromsø kuwa daga ƙarshen Nuwamba har tsakiyar Janairu ba zai ga ƙwayar rana ba sam. Ka nemi bitamin D ko man hantar kifin nan da suke sha, ka kuma rataya ɗan abin nan mai ƙyalli a jaket saboda direbobi su hango ka.

Salla ma sai ka shirya mata. Da hunturu azahar da la'asar da magariba duk a cushe suke cikin 'yan awoyi, daidai lokacin lakca, da bazara kuma sha ɗaya na dare gari da haske tarwai. Ka je masallacin garinku ka karɓi jadawalinsu, Musulmin Tromsø ma lokacin Makka suke bi idan rana ta daina faɗuwa.

Amma babban darasin da na ɗauka shi ne a ƙasar nan ba mai bin ka. Farfesa guda da sunansa na yanka ake kiransa, ba ranka ya daɗe ba komai, ƙofar ofis ɗinsa a buɗe, ka je da tambaya zai zauna ya ba ka lokacinsa har ka gaji, amma wallahi idan ka ɓace wata guda ba zai aiko a duba ka ba, ya ɗauka kai babba ne ka san abin da ya kawo ka. Kwasa-kwasai da yawa jarrabawa ɗaya ce tal a ƙarshen zango, ita ce makinka gaba ɗaya. Na ga yara masu ƙoƙari sosai da wannan 'yancin ya ruɗa, suka biye wa aikin neman kuɗi har Nuwamba ta cim musu, abin ya dame ni ƙwarai. Idan an ce taro ƙarfe tara, to tara ɗin ce.

Maganar kuɗi kuma kar wani ya yaudare ka da tsohon labarin nan cewa karatu kyauta ne. Tun 2023 ɗaliban da suka fito daga wajen Turai suna biyan kuɗin makaranta a jami'o'in gwamnati, sannan hukumar shige da fice, UDI, sai ta ga shaidar kuɗin da za ka ci da kanka kafin ta ba ka izini. Izinin ya yarda ka yi aiki awa 20 a sati, kuma wannan ba zai biya maka makaranta da haya ba. Ka koyi girki tun a gida. Cefane a Kiwi ko Rema 1000, ka tuna ran Lahadi manyan shaguna a rufe suke, ka riƙa duba kalmar svin a jikin kaya, alade ke nan. Robar lemo kar ka yar, in ka mayar da ita injin shago zai ba ka krone 2 ko 3. Naman halal da attaruhu sai shagunan baƙi, a Oslo unguwar Grønland ce cibiyarsu. Busasshen kifin nan ma da ake kawowa Najeriya, okporoko, daga arewacin ƙasarsu yake fitowa.

Sai mutanen. Za ka shiga bas ba mai kallonka, kowa ya nemi kujerar da ba kowa, maƙwabcinka a hostel ya ce "hei" ya wuce. Mu da muka taso da ina kwana ina gajiya abin yana sosa rai, amma ba ƙiyayya ba ce, a wurinsu ƙyale mutum ladabi ne. Satin maraba da sababbin ɗalibai a Agusta giya ta yi yawa a cikinsa, ka je na rana ka bar na dare, ba mai tilasta ka. Inda suke sakin jiki shi ne wajen yin abu tare. Da dusar ƙanƙara ta narke aka kira aikin gayya a gidanmu, dugnad suke ce masa, aka raba manjagara da buhunan shara, wani saurayi da muke girki a kicin ɗaya tun farkon zango bai taɓa wuce gaisuwa ba, ranar muna kwashe ganye ya hau ba ni labarin ƙauyensu da jirgin kamun kifin kakansa, da aka gama muka zauna a kan benci da kofi da waina irin tasu mai jam a kai, a nan ya ce ko zan bi su yawon daji a Bymarka ran Lahadi. Idan aka yi maka irin wannan tayin dan Allah ka amsa, ko ana ruwa, don da wuya su maimaita.

In an gayyace ka gida ka cire takalmi a bakin ƙofa, ka iso kan lokaci, abincin yamma tun huɗu ko biyar ake ci, in an gama ka ce "takk for maten", wato na gode da abinci. Ranar 17 ga Mayu kuma, bikin tsarin mulkinsu na 1814, kowa na fitowa da kayan gargajiya, don haka ka taho da babbar rigarka da hula a akwati.