Godiya Bayan Dawowarmu Daga Dajin Yankari

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, ni da Baba da jikokinsa huɗu mun iso gida lafiya ranar Litinin da hantsi daga tafiyar da muka yi zuwa Yankari, kuma ya zama wajibi a kaina in gode wa waɗanda suka tsaya mana tun daga shiri har zuwa dawowa.

Duk wanda ya san Baba a ƙauyenmu da kewayen Birnin Kudu ya san dalilin wannan tafiya. Tun muna ƙanana yake ba mu labarin damisar da ya gani yana saurayi, lokacin da yake bin kawunsa farauta cikin duwatsun wajen Ningi, tana kwance a kan reshe, wutsiyarta na lilo, ba ta ko damu da su ba. Jikokinsa kuwa ba su san damisa ba sai a kirari, "damisa ƙi sabo". Da ya ce yana son ya sake sa ta a ido kafin ƙafa ta ƙi, ba wanda ya iya ce masa a'a.

Ina godiya ga Yaya, wanda ya ba mu motarsa ya kuma cika ta da mai, da abokan aikina malaman makaranta da suka riƙe mini aji ranar Juma'a. Mun bi ta Ningi zuwa Bauchi, muka kama hanyar Gombe, muka karya a Dindima zuwa ƙofar Mainamaji, sannan muka shiga daji har masaukin Wikki.

Godiya mafi girma ta jagoran da ya fita da mu ce da asubar Asabar. Tun kafin mota ta tashi Baba ya faɗa masa abin da ya kawo shi, shi kuma bai yaudare mu ba. Ya ce, "Baba, an daɗe rabon da wani ya ce ya ga damisa a nan, kuma ko inda take da yawa ba a cika ganinta ba, domin dare take yawo, ita kaɗai, rana kuma ta ɓuya cikin kogo ko duhuwa." Da wani ne da sai ya yi ta zagayawa da mu yana cewa tana gaba, amma shi sai ya tsayar da motar a bakin kogin Gaji, inda namun daji ke taruwa da rani saboda ruwa, ya nuna wa yaran sawun kura a cikin laka, ya bayyana musu cewa faratan kura suna fitowa a sawunta, damisa kuwa tana janye nata idan tana tafiya, don haka sawunta kamar na katuwar kyanwa yake. Ya ƙara da cewa tana hawa bishiya da abin da ta kashe domin kada kura ko zaki su ƙwace mata. Nan Baba ya karɓe zancen, ya kwaikwayi kukanta, mai kama da ƙarar zarto a jikin itace, har jagoran ya ce ai shi ma yau ya ƙaru. A ganina wannan rabin sa'a ta fi sauran tafiyar duka daraja.

Mun ga ɓauna da gwanki da gwambaza, mun ga sabon kashin giwa ba mu ga giwar ba. Yara sun yi wanka a ruwan Wikki, wanda ɗuminsa ke nan wajen digiri 31 rani da damina, kuma gwaggon biri ya fizge burodi daga hannun autanmu, abin da har yanzu bai yafe ba.

A hanyar dawowa ranar Lahadi, bayan mun wuce Ningi ana kiran magariba, tayar gaba ta fashe, muka ɗauko ta ajiya muka tarar ba iska, kuma laifin nawa ne da ban duba ba tun a gida. Mutanen ƙauyen da muka tsaya kusa da shi ba su san mu ba, amma wani saurayi ya ɗauki tayar a babur ya je ya taso mai faci daga gidansa, mai unguwa ya buɗe wa Baba soronsa ya hana mu tafiyar dare, iyalinsa kuma suka aiko da tuwo da fura. Da safe na miƙa kuɗi, mai faci kaɗai ya karɓa, shi ma sai da Baba ya sa baki. Allah ya saka muku da alheri, ya tsare ku da zuri'arku.

Jagoran ya shaida wa Baba cewa a dajin Gashaka Gumti, wanda ya ratsa Taraba da Adamawa kuma shi ne gandun daji na ƙasa mafi girma a Najeriya, na'urorin ɗaukar hoto da ake ɗaurawa a bishiyoyi sun kama damisa. Tun da muka dawo Baba yake tambayata kwana nawa ne zuwa Serti, garin da ake bi a shiga wannan dajin, kuma ya ce in sanar da Yaya tun yanzu cewa baɗi za mu sake neman aron motar.